Masu Ambaton Sunan Dakta

Ranar da wannan magana ta fara, mu huɗu ne a tsakar gidana a Unguwar Mu'azu. Akwai ni, Dije, wadda mata suka fi sani da Hajiya mai wankan jego. Akwai ƙanina Malam Isiyaku, tela a Makera, ya zo cin tuwon Juma'a kamar yadda ya saba. Akwai Mama Rifkatu, tsohuwar nas, mutuniyar Kagoro da ke zaune a Barnawa, wadda muka yi shekaru muna haɗuwa a kan masu haihuwa, ita da allurarta, ni da tukunyar ruwan zafina. Sai Hindatu matar ɗana, malamar firamare. Ita ce ke riƙe da biro yanzu, ina faɗa tana rubutawa, don ni ban taɓa shiga aji ba. Na gargaɗe ta kada ta gyara mini magana.

Hindatu ce ta miƙo mini waya ta ce in duba. Na ga hoton 'yata ta fari. Ba na faɗin sunanta, ba a yi mana tarbiyyar haka ba, Dakta nake ce mata. Tana Ingila da mijinta, tana aiki a jami'a. Aikinta, yadda Rifkatu ta warware mini, shi ne sanin yadda magani ke tafiya a jikin mutum: nawa ya isa, nawa ya yi yawa, da abin da bai kamata a haɗa shi da shi ba. Ta fi mayar da hankali kan masu ciki da masu shayarwa.

A gefen hoton akwai wata lamba. Hindatu ta ce Dakta tana rubuta takardun bincike, kuma duk lokacin da wani masani a duniya ya yi nasa rubutun ya ambaci sunanta, lambar nan sai ta ƙaru. Ta ce tun bara take dubawa, kullum gaba take yi. Isiyaku ya ajiye loma ya yi hamdala. Rifkatu ta tafa.

Ni kuwa na tambaya, su wane ne masu ambaton? Hindatu ta ce ba a san su duka ba, wasu a Sin, wasu a Indiya, wasu a ƙasashen da ita ma ba ta iya nunawa a taswira. Na ce sun taɓa ganinta? Ta ce a'a. Na ce in sun ambace ta suna cewa tubarkalla? Sai ta yi dariya.

Ban yi dariya ba. Shekaruna nawa ina rufe jariri mai ƙiba da zane in baƙi sun yi yawa a ɗaki? Na ga abin da baki ke yi. Baban su Dakta ma, Allah ya ji ƙansa, lokacin da sunansa ya cika Kakuri aka ce babu makaniki kamarsa, a shekarar hannunsa ya fara rawa. Ga Dakta ta daɗe tana jiran haihuwa, da ta zo sai da aka yi mata aiki, in ta kira ni a waya ina ganin ƙashin wuyanta. Ashe sunanta yana yawo a bakin duniya ba wanda ya gaya mini. Dama bizata ta fito don in je mata jego. A wurin na yanke shawara: zan je in yi mata wanka, in kuma ce ta daina sa sunanta a takarda. Rifkatu kaɗai na gaya wa da na raka ta bakin titi neman keke. Ta ce, "Hajiya, ki je ki gani da idonki tukuna." Na ce na ji.

Zangona na farko filin jirgin wata ƙasar Larabawa ne, inda ake sauya jirgi. Na taɓa zuwa Makka, amma wancan tafiyar ayari ce, kowa da atamfa iri ɗaya, ana kiran suna ana ƙirga mu. Wannan ni kaɗai ce, da takarda da Hindatu ta maƙala mini a jaka. Muna sauka da asuba sai ga wani ma'aikaci da keken guragu yana kiran sunana. Na dube shi, na dubi keken. Ni da nake tafiya daga Unguwar Mu'azu zuwa Kasuwar Barci a ƙasa? Na ce masa da Hausa ƙafata lafiya lau, kada ya yi mini mugun fata. Ya yi ta magana yana nuna keken, na yi gaba abina, na bi wasu baƙaƙen fata da na ga mun fito jirgi ɗaya.

Su kuwa ashe wata ƙasa za su. Na bi su har suka shige wata ƙofa, aka tare ni aka mayar da ni baya. Wurin nan ya fi Tudun Wada girma, ko'ina iri ɗaya, shaguna da fitilu da bene mai tafiya da kansa. Na yi ta zagaye har rana ta ɗaga. Duk wanda na nuna wa takardata sai ya dubi agogo ya girgiza kai. Jirgina ya tashi.

Ina zaune a kan benci sai ga wani mutum da farar jallabiya, ya yi mini sallama da Hausa tsantsa kamar ɗan Makera. Wallahi sai na ji kamar ƙanina ne ya zo. Ya tambayi gida, ya tambayi Kaduna, ya ce zai gyara mini komai. Sannan ya leƙa jakar hannuna ya ga kilishi da dambun naman da na yi wa mai jego. Ya ce, "Hajiya, Turawa ba sa barin a shiga da nama, kama ki za su yi. Kawo in kai ofis a ajiye." Na ba shi. Har yau yana ofis. Daga baya Dakta ta ce mini ai gaskiya ya faɗa, da an karɓe naman a can. Na ce gaskiyarsa daban, satarsa daban.

Wadda ta cece ni wata 'yar ƙaramar mata ce mai goge ƙasa, da amalanken tsintsiyoyinta, daga cikin mutanen gabas masu ƙananan idanu. Ta wuce ni sau uku tana kallo. A na huɗu ta tsaya, ta ɗaga hannu biyu zuwa kunne kamar mai kabbara, na gyaɗa kai. Ta kai ni masallacin mata, ta nuna mini famfo, ta tsaya gadin jakata har na idar. Ta ɓare burodinta ta ba ni rabi da shayi a kofin takarda. Sannan ta karɓi takardar Hindatu, ta danna lambar da ke ciki a wayarta ta kara mini a kunne. Muryar Dakta na ji tana kuka. Ta ce tun safe suke nemana. Ta ce, "Inna, keken ba don ƙafarki na sa a kawo ba. Mai turawar shi ne ya san hanya."

Da la'asar aka sake kawo keken. Na hau, na gyara mayafina, na ɗora jaka a cinya. Aka tura ni gaban kowa, har masu kwat da jakunkuna suna matsa mini. Matar nan ta ɗaga mini tsintsiya daga nesa. Ban san sunanta ba, amma ba ta fita daga addu'ata ba.

Zango na biyu wurin masu binciken kaya ne a Ingila. Kare suka sa ya shinshina buhuna, har hancinsa ya taɓa mini zane. Na haɗiye abin da ya zo mini baki. Suka kwance komai a kan tebur: kuka, kuɓewa busasshiya, ganyen darbejiya, daddawa, da jar kanwata dunƙule guda. Kanwar ce ta tsaya musu a rai. Suka kankare ta, suka sa a wata na'ura, suka kira wani tafinta a waya mai Hausar Damagaram. Ya ce suna tambaya wannan dutsen na mene ne. Na ce ba dutse ba ne, kunun mai jego ake yi da shi, kuma ya gaya musu su wanke hannu kafin su ƙara taɓa mini kayan miya. Ban san ko ya faɗa musu duka ba. Wanda ya buɗe daddawa dai ya rufe da sauri, idonsa na ruwa. Suka mayar mini da kayana suka buɗe hanya.

A waje surukina Sadiku na jira. Ya durƙusa har ƙasa a gaban Turawan nan ya gaishe ni, ya yafa mini wata ƙatuwar riga mai nauyin bargo. Na ce a raina, wannan dai ƙasar ba ta cinye shi ba.

Gidan nasu babu tsakar gida, babu inda za a kafa murhu. Ruwan wanka a butar lantarki nake dafawa, in juye a baho, in zuba darbejiya, in sake ɗora wani. Rana takan fito a makare ta koma da wuri kamar wadda aka aika. Ba kiran salla sai na waya, ba ƙarar injin markaɗe, ba mai sallama daga zaure ya ce ko Hajiya na ciki. Na kan tsaya a taga in ga mutane na wucewa kowa kansa a ƙasa. Sai in tuna yanzu Hindatu ta ɗora ƙosai, in koma in zauna.

Amma ga jaririyar. Sunana aka sa mata, takwarata ce, kuma da goshina ta zo. Duk gajiyar hanya a kanta ta sauka. Ranar farko na zaunar da uwarta na danna mata ƙafa da babban yatsa. Ramin bai ciko da wuri ba. Na tambaye ta me take sha, ta nuna mini ƙwayoyin hawan jini. Na ɗauki kanwar da na sha wuya a kanta na mayar can ƙasan buhu. Mace mai kumburin ƙafa ba na ba ta kunun kanwa, ko uwar mijinta za ta yi fushi. Na dama mata na gyaɗa. Na ga tana kallona tana murmushi, na ce ta sha kunu ta daina kallon mutane.

Kwana uku da zuwana, da hantsi, na sami wani tsohon kwano na kunna gawayin turare, na zuba habbatus sauda da ɓawon tafarnuwa, na fara zagaya ɗakin da take aiki, musamman wajen kwamfutar. Sai wani abu mai jin warin hayaƙi a rufin ɗaki ya fasa ihu. Jaririya ta farka, Sadiku ya fito da gudu yana kaɗa tawul sama, maƙwabciyarsu, wata tsohuwar Baturiya, ta buga ƙofa da bokiti a hannu. Da ƙura ta lafa aka buɗe tagogi, Dakta ta zauna a gabana ta ce, "Inna, hayaƙin nan na mene ne?"

Na gaya mata duka. Na ce na ga lambar. Na ce ban haife ta don duniya ta yi ta juya sunanta a baki ba, ga abin da ya sami babanta, ga yadda ta rame. Na ce in aikin ne ta yi abinta, amma ta daina sa suna, ta daina tura takardun nan.

Ta saurare ni har na gama. Sannan ta yi mini bayani a hankali, cewa a aikinsu ba a raba aiki da suna. Ta ce a ƙarshen watan nan ake rufe karɓar takardun masu neman kujerar farfesa, ta haɗa nata saura ta tura, kuma abin da za a duba shi ne yawan abin da ta rubuta da yawan waɗanda suka amfana har suka ambace ta. In ta bari ya wuce, ba ta san yaushe zai sake zagayowa ba. Sadiku na tsaye a bakin ƙofa kansa a sunkuye.

Ta ce, "In kika ce in bari, na bari, Inna. Ba zan tura ba sai da yawun bakinki. Abu ɗaya nake roƙo. Ranar arba'in ki raka ni wurin aikin."

Na ce Allah ya kai mu. Saura kwana tara.

Ta ɗauki ɗankwali ta rufe kwamfutar, ba ta sake taɓa ta ba. Na sa mata ido a kwanakin nan, don sa ido shi ne aikina. Ba ta yi mini musu ba, ba ta ɓata rai ba. Amma in ta wuce ɗakin takan dubi ɗankwalin nan yadda mai azumi ke duban randa. Na zata in bakin duniya ya sauka daga kanta za ta fara cin abinci. Sai na ga ma ta rage. Wannan ya tsaya mini a rai.

Baturiyar bokiti kuwa ta mayar da gidan wurin zuwa. Kullum da rana sai ta shigo da zarenta ta zauna kusa da ni tana saƙa, ni ina tsinke zogale busasshe. Ba ta jin nawa, ba na jin nata, amma muna hira. Ta lura ƙafata na sanyi, ta saƙa mini safa ja mai kauri. Na ba ta kuka a leda. Dakta ta ce a shayi ta zuba.

A gida ranar arba'in mai jego takan ci ado ta zaga dangi da jariri. A can babu dangi, sai muka yi yawon arba'in ɗinmu a jami'a. Na goya takwarata na lulluɓe ta da mayafi, ko yatsanta ba a gani. Wurin tsaf yake, fari fat, ga firji jere da 'yan kwalabe, ga na'urori na gurnani a hankali. Mutane suka yi ta fitowa da fararen riguna suna rungumar Dakta. Babbansu wani tsoho ne mai rigar sanyi da ta huje a gwiwar hannu. Ya dafa ƙirji ya sunkuya mini, ya yi dogon jawabi. Dakta ta ce cewa yake na haifi mai taurin kai. Na ce ta gaya masa ya yi gaskiya, kuma ya nemi mai ɗinke masa riga. Ta ce ba za ta faɗa ba.

Muna shan shayi a wani ɗaki sai wata baƙar mata doguwa ta shigo ta ce, "Sannu da zuwa, Mma." Na juya da sauri. Likita ce daga Kumasi, 'yar zango, sunanta Fati, ta zo na 'yan watanni ƙarin ilimi. Hausarta sai an kasa kunne, amma Hausa ce. Ta tsuguna ta leƙa goyona ta ce tubarkalla ba wanda ya tuna mata. Na ɗan sassauta mayafin. Sai ta ce ai tun kafin ta taɓa ganin Dakta ta san sunanta, don tana cikin masu ambatonta a rubutu, har sau uku.

Na ajiye kofi. Ga ɗaya daga cikin bakunan a gabana. Na ce Dakta ta karɓi yarinya ta ba mu wuri. Na nuna wa Fati kujera.

Na ce, "Me ta yi miki kike kiran sunanta?"

Ta ce a asibitinsu sun daɗe suna fama. Sai a ba mai jego magani, a auna daidai, ya ƙi aiki ko ya yi mata yawa. In an tambaye ta ko tana shan maganin gargajiya sai ta rantse ba ta sha, don tana tsoron faɗan likita, kuma a wurinta abin da uwarta ta dama mata abinci ne, ba magani ba. Sai Fati ta ci karo da wata takardar Dakta, inda ta nuna yadda ake tambayar. Suka sauya tasu tambayar, mata suka fara faɗin gaskiya, su kuma suka san abin da suke haɗa maganinsu da shi.

Na ce wace irin tambaya ce?

Ta ce, "Ba a cewa kina shan magani. Sai a ce, me aka dama miki yau da safe? Me aka jiƙa miki? Wa ya kawo? Kuma ba a yi a gaban uwar miji."

Nan take na gane. Maganata ce. Haka nake yi a kowane ɗakin jego, in aiki uwar miji ɗebo garwashi, in zauna bakin gado in tambaya. Dakta tana 'yar ƙarama take bina da kwandon ganye, ina zaton wasa take a bakin ƙofa.

Ban nuna ba. Na ce to ta karɓa ta yi amfani, Allah ya amfana. Mene ne na kiran suna? Ta dube ni kamar na yi saɓo. Ta ce in ta rubuta ba ta faɗi inda ta samo ba, ai ta yi sata, kuma a wurinsu babu abin kunya kamar wannan, har aiki ana kora a kai. Ta ce duk lambar nan da nake gani, kowane ɗaya mutum ne da ya tsaya ya ce, wannan ba nawa ba ne, a wurin wance na karɓa.

A cikin bas ɗin komawa na shiga tunani. Ina tuna wata mata da na koya wa wankan jego shekara biyu a Tudun Wada, tun daga yadda ake gwada zafin ruwa da gwiwar hannu. Da ta tsaya da ƙafarta sai ta riƙa gaya wa mutane a Kano ta koyo. Ba ta taɓa zagina ba, amma babu abin da ya ci mini rai a sana'ata kamar wannan. Na tuna kuma malamin da ke mana tafsiri, ba ya faɗin magana sai ya ce an karɓo daga wane, shi kuma daga wane, kuma ba mu taɓa cewa yana yi musu baki ba. Mai baki abinka yake kallo yana jin da nasa ne. Waɗannan kuwa cewa suke naki ne. Ramar Dakta kuma na san ta, in zan faɗi gaskiya. Ramar mace ce da aka yi wa aiki, ba ta da uwa kusa har wata guda.

Bayan magariba, wadda a can take yi tun mutum bai gama narkar da abincin rana ba, na kira su biyun. Na ce wa Dakta tambayar da ake yi wa masu jego a ina ta samo ta. Ta sunkuyar da kai ta ce a wurina. Na ce ta ambace ni? Ta tashi da rawar jiki ta ɗauko wata takarda, ta nuna mini wasu layuka a can ƙarshe, ta ce nan ta gode wa mahaifiyarta da matan unguwarmu. Ta zata zan ji daɗi.

Na ce, "To kin yi kuskure. Ba tawa ba ce."

Na ba su labarin Iya Tabawa, ungozomar Kakau, inda aka fara kai ni aure. Ita ce ta ɗauke ni ina riƙe mata fitila, ita ta koya mini danna ƙafa, ita ta ce mini kada in taɓa tambayar mace a gaban wadda take jin nauyi. Ta rasu ba ta bar ɗa ba, yau ko a Kakau da wuya a sami mai tuna ta. Na ce in dai dokarku ta ce a faɗi inda aka karɓo, to a faɗa har tushe. Dakta ta ce wanda bai rubuta littafi ba ba ya shiga cikin lambar, sai dai a sa sunansa a wurin godiya. Na ce wannan dokar tana da gyara, in ta zama farfesa ta gyara ta. Kafin nan a sa Tabawa a wurin godiyar, da sunanta da garinta.

Ta ɗago kai a hankali. "In na zama farfesa, Inna?"

Na ce, "Cire ɗankwalin nan daga kan na'urar, dama nawa ne."

Ta faɗo jikina tana kuka tana dariya, mace da 'yarta, sai da na ce ta tashi kada ta fama ɗinki. Sadiku ya rasa abin yi, ya fita ya dawo da gasasshiyar kaza har biyu, ya buga wa Baturiyar ƙofa ita ma ta shigo. Aka kira Kaduna. Isiyaku ya ce a fara aiko masa da awon rigar farfesa. Rifkatu kuwa dariya ta yi ta yi, ta ce, "Hajiya, kin gani da idonki?" Na ce ta rage baki, kuɗin waya na tafiya. Dakta ta cinye cinya biyu da tuwon da na tuƙa, ina kallo, har ta suɗe kwano.

Washegari da na idar da sallar asuba na dama kunu, na yi wa takwarata wanka na goya ta, na sa safata ja. Na tashi Dakta na ce ta kunna kwamfuta ta tura takardunta ina tsaye. Ta yi bisimilla ta danna. Za ta rufe na ce a'a, ta buɗe wurin lambar nan, ta fito mini da sunayen masu ambaton. Wanda ya faɗi alherin 'yarka a bayan idonka yana da haƙƙi a kanka, ni kuwa ban taɓa gode wa ko ɗaya ba, har hayaƙi na yi musu.

Na jawo kujera na ɗauki carbi. Tana karantawa ɗaya bayan ɗaya, sunaye masu karya harshe, ina cewa Allah ya yi masa albarka, Allah ya yi mata albarka, Allah ya raya musu zuriya. Da muka zo kan Fati na ƙara mata da miji nagari, Dakta ta ce ai tana da shi, na ce to Allah ya ƙara masa kirki. Can ta tsaya a kan wani suna. Na ce mene ne? Ta ce wannan ya ambace ta ne don ya ce ta yi kuskure a wani awo.

Na ce, "Ya faɗi sunanki daidai?"

Ta ce ya faɗa.

"Kin yi kuskuren?"

Ta ce a wuri ɗaya yana da gaskiya, a ɗayan kuma shi ne bai gane ba.

Na ce Allah ya saka masa a kan na farkon, ya shirye shi a kan na biyun, ta wuce na gaba. Muna nan har kunu ya huce, gari ya yi haske, ba mu ci ko rabin rabi ba. Na ce ta sa alama a inda muka tsaya, ta tashi ta shirya kada ta makara wurin aiki.